Bitamin D da yagewar tsoka a wajen ƙwararrun 'yan ƙwallo: ina hujjar take?

Kabiru: Assalamu alaikum. Ina so mu zauna a kan wata magana da ta yi yawa a bakin masu kula da lafiyar 'yan ƙwallo. Manyan ƙungiyoyi da dama a Turai suna auna bitamin D a jinin 'yan wasansu, kuma da hunturu ya kama sai a fara raba ƙwaya. Dalilin da ake kawowa shi ne wai ƙarancinsa na jawo yagewar tsoka, musamman ta bayan cinya. To shin akwai hujjar cewa shan ƙwayar yana rage wannan rauni, ko kuwa abubuwa biyu ne aka ga sun zo lokaci ɗaya aka ɗaura musu aure? In kuma za a ba ɗan wasa, nawa za a ba shi, har tsawon wane lokaci?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Kabiru. A fara duba girman abin da ake son magancewa. Binciken raunin 'yan wasan manyan ƙungiyoyin Turai, wanda Farfesa Jan Ekstrand na Suwidin ke jagoranta a ƙarƙashin UEFA tun 2001, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na raunin da ke ajiye ɗan wasa na tsoka ne. Ƙungiya mai 'yan wasa 25 takan samu raunin tsoka wajen 15 a kaka guda. Kashi 92 cikin 100 na waɗannan a wuri huɗu suke: bayan cinya 37, cikin cinya wajen matsematsi 23, gaban cinya 19, bayan ƙwauri 13. Wani rahoton da suka fitar daga baya ya nuna raunin bayan cinya ya tashi daga kashi 12 na dukkan raunuka a kakar 2001/02 zuwa kashi 24 bayan kaka 21. Duk wanda ke da alhakin lafiyar 'yan wasa dole hankalinsa ya tashi.

Ƙarancin bitamin D a hunturu shi ma ba ƙarya ba ne. A 2012 James Morton da abokan aikinsa sun wallafa awon 'yan wasa 20 na wata ƙungiyar Firimiya ta Ingila. A watan Agusta matsakaicin abin da ke jininsu 104 ne a ma'aunin nmol/L, wanda ake auna yawan bitamin ɗin a jini da shi, zuwa Disamba ya faɗo 51, kuma kashi 65 cikinsu suna ƙasa da 50. Dalilin a fili yake. Fata ce ke haɗa bitamin ɗin idan hasken rana nau'in UVB ya taɓa ta, kuma a ƙasa mai nisa arewa kamar Ingila, daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta hawa sama sosai, wannan hasken ba ya isowa ƙasa yadda zai yi aiki. Ko ɗan wasa ya wuni a fili, fatarsa ba ta haɗa abin kirki.

Inda maganar ke yin rauni shi ne gadar da ke tsakanin biyun. Kusan duk hujjar da ake kawowa kan yagewar tsoka ta kallo ce: an auna jini, an ƙirga rauni, an ga alaƙa. Wannan daban yake da a raba 'yan wasa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu bitamin, a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, a jira kaka guda a ƙirga.

Koci Lawal: Likita, kin taɓo inda nake so. Watan Disamba ɗin da bitamin ke faɗuwa a Ingila shi ne kuma watan da wasanni ke hawa kan juna. Binciken UEFA ɗin nan ya nuna raunin tsoka ya fi yawa idan hutun da ke tsakanin wasa biyu bai wuce kwana 4 ba, idan aka gwada da kwana 6 ko fiye. Sun kuma gano ƙungiyoyin da ba su da hutun hunturu suna asarar kwanakin 'yan wasa wajen 300 a kaka fiye da masu hutun. Wannan ba aikin rana ba ne, aikin jadawali ne.

A kuma dubi yadda tsokar bayan cinya ke yagewa. Ɗan wasa na tsere iya ƙarfinsa, ƙafa ta wurga gaba, gwiwa na miƙewa, saura ƙiris diddige ya taɓa ƙasa. A wannan ɗan lokacin tsokar tana a miƙe kusan iyakarta, kuma ita ce ke taka wa ƙafar birki. Reshen da ke ta waje, mai dogon kai, shi ya fi yagewa, galibi inda nama ya haɗu da jijiya. Abin da aka fi tabbatarwa yana ƙara haɗarin shi ne tsohon rauni a wurin, shekaru, gajiya, da rashin ƙarfin riƙe nauyi yayin da tsoka ke miƙewa. Wani bincike a kan 'yan ƙwallon Ostareliya a 2016 ya nuna masu gajerun zaruruwan wannan tsoka, ƙasa da santimita 10 da rabi, haɗarinsu ya ninka wajen sau huɗu. Ƙwaya ba ta ƙara tsawon zaren tsoka. Atisaye ke yi.

Usman: Koci, ban ƙi taka ba, amma kada mu jefar da abin gaba ɗaya. Tsoka tana amsa wa bitamin D. Masu matsanancin ƙaranci an daɗe da sanin suna samun raunin cinya da ƙugu, tashi daga kujera ma ya yi musu wuya, kuma idan aka ɗebi ɗan naman tsokar aka duba, zaruruwan nau'i na biyu ne ke ƙanƙancewa. Su ne masu saurin, waɗanda tsere da tsalle suka dogara a kansu.

Akwai kuma gwaji na gaske, ba na kallo ba, ko da ƙanana ne. A 2013 Graeme Close da mutanensa a Liverpool sun ba 'yan wasa IU 5000 (IU shi ne ma'aunin adadin bitamin da ake sha) kullum na mako 6 a hunturu, tseren mita 10 da tsallen sama suka gyaru idan aka gwada da waɗanda suka sha ƙwayar banza. A 2015 Daniel Owens ya ɗauki maza masu ƙarancin bitamin ɗin, ya ba rabi IU 4000 kullum na mako 6, sannan aka gajiyar da tsokar gaban cinyarsu da gangan har ta lalace kaɗan. Waɗanda suka sha sun fi saurin dawo da ƙarfinsu a awa 48 da kuma kwana 7. A ɗakin gwaji ma sun nuna ƙwayoyin halittar da ke gyara tsoka sun fi saurin isa wurin rauni idan akwai bitamin ɗin. A ƙwallon Amurka kuwa, an auna matasa 214 da suka je tantancewar shiga NFL, babbar gasar wannan ƙwallon, fiye da rabi bai kai yadda ake so ba, kuma a cikinsu aka fi samun masu tarihin yagewar tsokar ƙafa. Duk wannan ai ba banza ba ne.

Dakta Hadiza: Ba banza ba ne, Malam Usman, sai dai a karanta shi da sauran. Mutanen Liverpool ɗin nan a shekarar 2013 ɗin suka sake wani gwaji da IU 20,000 ko 40,000 a mako, na mako 12. Jini ya cika da bitamin, amma gudu da tsalle da ƙarfi ba su motsa ba. A Katar kuwa, asibitin Aspetar da ke Doha ya auna ƙwararrun 'yan ƙwallo 342, kashi 84 suna ƙasa da ng/mL 30, wato nmol/L 75, duk da ranar da ke ƙasar, saboda zafi na sa a yi atisaye da yamma ko da dare. Da aka gwada ƙarfin cinyarsu a na'ura, alaƙar da aka samu da yawan bitamin ɗin ba ta taka kara ta karya ba.

Na NFL ɗin kuma tarihin rauni aka duba, aka auna jini daga baya. Wanda ya ji rauni ya shafe makonni a ɗakin jinya da ɗakin ɗaga ƙarfe, abokansa suna fili. In aka auna shi aka ga bitamin ya yi ƙasa, wa ya haifi wani? Raunin ma zai iya zama shi ne sanadin ƙarancin.

Abin da na ɗauka daga dukkansu shi ne amfanin yana wurin mai ƙaranci. Ka ɗaga mutum daga nmol/L 25 zuwa 70, ka gyara wani abu. Ka ɗaga shi daga 80 zuwa 150, ka canza lamba ce a takarda.

Malam Nura: Tunda an fara kiran lambobi, bari a daidaita su, don a nan ake yawan yin kuskure tun kafin a kai ga ƙwaya.

Bitamin D yana bin matakai biyu kafin ya yi aiki. Hanta ta mayar da shi 25-OH-D, sannan ƙoda ta mayar da wannan 1,25, wanda shi ne mai aikin. Wanda ake aunawa shi ne na hanta, domin yana ɗaukar mako 2 zuwa 3 kafin rabinsa ya bar jini, don haka shi ke nuna ajiya. Na ƙodan sa'o'i kaɗan yake yi, kuma jiki na riƙe shi daidai ko da ajiya ta kusa ƙarewa. Idan likita ya rubuta 1,25 a takardar gwaji da niyyar gano ƙaranci, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali ɗan wasan a ƙarshe yake.

Na biyu, ma'auni. Ingila nmol/L take amfani da shi, Amurka da wasu ƙasashen Turai ng/mL. Ana ninka ng/mL sau 2.5 a samu nmol/L. Ɗan wasa ya sauya ƙungiya da takarda mai lamba 30. In ng/mL ne, 75 ke nan, ba shi da matsala. In nmol/L ne, yana bakin ƙaranci mai tsanani. Lamba ɗaya, hukunci biyu. Duk takardar da ba a rubuta ma'auninta ba, a sake gwajin.

Na uku, iyaka. Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka a 2011 ta ce nmol/L 50 ya wadatar da kusan kowa ta fuskar ƙashi. A shekarar kuma ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Endocrine Society ta ce a nemi 75, ko da yake a 2024 ta janye daga tsayar da wannan lamba. Hukumomin Birtaniya 25 suka ɗauka a matsayin layin haɗari. Shi ya sa bincike ɗaya zai ce kashi 80 na 'yan wasa suna da ƙaranci, wani ya ce kashi 20, alhali jinin iri ɗaya ne.

Na huɗu, hanyar awo. Na'urorin gaggawa da yawancin asibitoci ke amfani da su suna saɓa wa juna, har su saɓa wa hanyar LC-MS/MS wadda ita ce abin dogaro. Idan ana bin ɗan wasa daga Agusta zuwa Fabrairu, a tsaya a ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya. Kuma kada a ɗebi jini a kwanakin farko bayan tiyata ko babban rauni, domin kumburi na sauke lambar na ɗan lokaci.

Kabiru: Allah ya ƙara basira, Malam Nura. To 'yan wasa baƙar fata da ke taka leda a arewacin Turai fa? Ana cewa kusan dukkansu lambarsu ƙasa take fitowa. Su ke nan kullum cikin ƙaranci suke?

Malam Nura: Lambar kam ƙasa take fitowa, kuma sanadin farko sananne ne. Sinadarin da ke sa fata duhu yana tare UVB, don haka baƙar fata na buƙatar zama a rana ninkin abin da farar fata ke buƙata kafin ta haɗa daidai da ita. Amma fassarar lambar ce ke da sarƙaƙiya. Kashi 85 zuwa 90 na 25-OH-D da ke jini a ɗaure yake da wani furotin mai dakonsa, sauran yawanci a jikin wani furotin na jini mai suna albumin, wanda ke sake bai kai kashi 1 ba. Gwajin da ake yi jimla yake ƙirgawa. A 2013 wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna baƙaƙen Amurka jimlarsu ta fi ta farare ƙanƙanta, amma ƙashinsu ya fi kauri, kuma masu binciken suka ce furotin ɗin ne ya fi ƙaranci a jininsu, don haka abin da jiki ke iya amfani da shi kusan ɗaya ne. Daga baya wasu suka sake auna furotin ɗin da wata hanya, bambancin ya ragu ƙwarai, aka gane na'urar farko ba ta kama irin furotin da ya fi yawa a 'yan asalin Afirka da kyau. Abin da bai canza ba shi ne kaurin ƙashin.

Dakta Hadiza: Shi ya sa a wurin waɗannan 'yan wasa ba na son a yanke hukunci da lamba ɗaya. A haɗa da awon kalsiyam, da ALP mai nuna aikin ƙashi, da sinadarin PTH wanda ke tashi idan jiki ya fara ciro kalsiyam daga ƙashi. Ɗan wasa mai 40 da PTH daidai, ba ciwon ƙashi, ba tarihin tsagewa, a ba shi matsakaicin adadi na hunturu a bar shi. Mai 20 da PTH a sama, wannan magani yake buƙata ko wane launi ne fatarsa. Kuskure biyu nake tsoro. Ɗaya a ce ai baƙar fata haka lambarsu take, a ƙyale mai ƙaranci na gaske. Ɗaya kuma a yi ta ɗura masa ƙwaya ana korar 100 da jikinsa bai nema ba.

Hajiya Binta: Bari in amsa tambaya ta biyu ta Malam Kabiru, ta nawa da tsawon lokaci.

Awo sau biyu a shekara ya isa ga yawancin 'yan wasa: ƙarshen bazara lokacin shirin kaka, sannan tsakiyar hunturu. Na farkon ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wanda ya shigo Agusta da 60 kawai, bayan duk ranar hutu, an san inda zai kasance a Janairu, don haka ba sai an jira ba, a fara masa daga Oktoba.

Nau'in D3 za a saya, ba D2 ba, domin ya fi ɗaga jini kuma ya fi daɗewa. A karanta kwalba da kyau: mikrogiram 1 daidai yake da IU 40, wato mikrogiram 25 shi ne IU 1000, mikrogiram 100 shi ne IU 4000. Wannan 4000 ɗin shi ne iyakar da hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka ajiye wa baligi a kullum idan ba likita ke lura ba.

Ga yadda nake ganin ya dace a raba. Wanda ya haura 75, a bar shi, ko a ba shi ɗan kaɗan, 400 zuwa 1000, a watannin hunturu. Tsakanin 50 da 75, IU 1000 zuwa 2000 kullum har rana ta dawo. Tsakanin 30 da 50, IU 2000 zuwa 4000 kullum, a sake awo bayan mako 10 zuwa 12. Kada a sake awon a mako na 3, jini bai gama daidaita ba, za a ga kamar ba ya aiki a ƙara adadi ba dalili. Ƙasa da 25 ko 30 kuwa ya bar hannuna ya koma na likita. A Birtaniya tsarin da aka saba shi ne jimlar IU 300,000 a rarrabe cikin mako 6 zuwa 10, misali 50,000 a mako har sau 6, a duba kalsiyam bayan wata guda da gamawa, sannan a koma ƙaramin adadi na kullum.

Bitamin ne mai narkewa a mai, don haka a sha shi tare da abinci mai ɗan kitse, ba da ruwa kawai da asuba ba. Abinci shi kaɗai da wuya ya cike giɓin. Gwaiduwar ƙwai ɗaya wajen IU 40 ce. Kifi mai kitse ne kawai ke ba da ɗaruruwa a zama ɗaya, kuma ba kullum ake cin sa ba. Idan ɗan wasa yana sha yadda aka ce amma jini ya ƙi tashi, kafin a ƙara a bincika hanji, domin cututtukan da ke hana tsotse mai suna hana tsotse shi, haka wasu magungunan farfaɗiya da na tarin fuka suna sa hanta ta lalata shi da sauri.

Koci Lawal: Hajiya, matsalar kullum-kullum ita ce mantuwa. 'Yan wasa 25, tafiye-tafiye, wasan ƙasa. Me zai hana a ba da babba sau ɗaya a mako, ko ma allura ɗaya a farkon hunturu a huta?

Hajiya Binta: Sau ɗaya a mako da adadi mai hankali, kamar IU 14,000, ba laifi. Matsalar tana farawa idan aka ce tunda sau ɗaya ne bari a cika. A 2017 Owens ya gwada IU 35,000 da 70,000 a mako a jikin ƙwararrun 'yan wasa. Jiki yana da wani sinadari, CYP24A1, wanda aikinsa rusa rarar bitamin D. A masu shan 70,000 alamar aikinsa ta tashi sosai, kuma da aka tsayar da ƙwayar ba ta sauka nan da nan ba. Wato an bar mai rusawa yana aiki alhali an daina kawo kaya. Shi ya sa suka ba da shawarar ƙarami a kai a kai, kuma in an riga an ba da babba a sauke a hankali. Mafita ga mantuwa ita ce a ajiye ƙwayar a wurin cin abincin ƙungiya, a sha a gaban mai rabawa, a ba mai tafiya nasa a ƙirge.

Dakta Hadiza: Allurar shekara kam kada ma a fara. A 2010 an wallafa gwajin shan IU 500,000 sau ɗaya a shekara a kan tsofaffin mata a Ostareliya, faɗuwa da karaya suka ƙaru maimakon su ragu, musamman a watanni ukun farko. Ba 'yan ƙwallo ba ne, amma darasin ya isa.

Yawansa guba ne na gaske. Yana sa hanji ya tsotsi kalsiyam fiye da kima. Alamu su ne ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, bushewar ciki, kasala, daga baya tsakuwar ƙoda, kuma galibi ana ganin haka idan jini ya haura nmol/L 375. Abin lura ga mai kula da ɗan wasa shi ne kasala da raunin tsoka suna cikin alamun, wato za a iya ɗaukar gubar a matsayin ƙaranci a ƙara masa. Mai tarihin tsakuwar ƙoda, ko ciwon sarkoyidosis, wani ciwon kumburi da ya fi kama huhu, ko wanda kalsiyam ɗinsa ke sama tun farko, ba a fara masa sai da likita. A kuma tara abin da yake sha duka, domin ƙwayar haɗin bitamin da man kifi da garin furotin kowanne zai iya ɗauke da nasa D a ciki.

Usman: Akwai wurin da hujjar ta fi ƙarfi, kuma ba mu taɓa shi ba: ƙashi. A 2008 an wallafa gwajin da aka yi da mata sabbin sojojin ruwan Amurka fiye da 5000, aka ba rabi kalsiyam miligiram 2000 da bitamin D IU 800 kullum na mako 8. Tsagewar ƙashi ta gajiya ta ragu da wajen kashi 20. A ƙwallo wannan tsagewa ta fi son ƙashin tafin ƙafa na biyar, wanda ke bin layin ƙaramin yatsa, wurin da jini ba ya isa sosai, ga shi da jinkirin haɗewa, sau da yawa sai an sa ƙusa. Ɗan wasa ya zo da ciwo a gefen ƙafa ta waje wanda ke ƙaruwa da juyi da yanka, awon bitamin D na cikin abin da za a yi ranar farko. Ko da ƙwayar ba ta hana yagewar cinya ko ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa dalilin gyara ƙaranci.

Koci Lawal: A kan ƙashi ba ni da ja. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙwaya na da sauƙin rabawa, abin da aka tabbatar yana aiki kuwa an bar shi. A Denmak an gwada atisayen ƙarfafa bayan cinya da ake kira Nordic a kan 'yan ƙwallo 942, aka wallafa a 2011, raunin bayan cinya ya faɗi ƙwarai, musamman maimaicinsa a masu tsohon rauni. Da aka tara gwaje-gwaje a 2019, an samu yana rage raunin da kusan rabi. Amma da aka tambayi manyan ƙungiyoyin Turai a 2015, wajen kashi 11 kawai ke yin sa cikakke.

Ga yadda ake yi. Ɗan wasa ya durƙusa a kan abu mai taushi, abokinsa ya danne masa idon sawu da hannu biyu. Daga gwiwa zuwa kafaɗa jiki a miƙe sambal. Ya riƙa tafiya gaba a hankali yana riƙe kansa da bayan cinya, har inda ya kasa, ya tare ƙasa da tafin hannu, ya turo kansa ya dawo. Amfanin yana cikin ƙarshen saukar, inda tsoka ke rawa tana so ta saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne lanƙwasa ƙugu a turo ɗuwawu baya, wanda ke sauke wa tsokar nauyi, ko a saki jiki tun rabin hanya. Makon farko zama ɗaya, sauka 5 a jere, a huta a sake, wato 5 sau biyu. Na biyu zama biyu, 6 sau biyu. Na uku zama uku, 6 zuwa 8 sau uku. Na huɗu 8 zuwa 10 sau uku. Daga na biyar zuwa na goma 12, 10, 8, zama uku a mako, sannan sau ɗaya a mako har ƙarshen kaka. Wanda ya tsallake makonnin farko zai kwana uku da ciwon cinya, daga nan ba zai sake yarda ba. A fara a lokacin shirin kaka, kuma a cikin kaka a nisanta shi da jajibirin wasa. Ga matsematsi akwai atisayen Copenhagen, wanda gwajin Norwe na 2019 ya nuna ya rage matsalar da kashi 41. Sannan kowane ɗan wasa, har mai zaman benci, ya taɓa kusan iyakar gudunsa aƙalla sau ɗaya a mako, don kada ranar wasa ta zama ranar farko da tsokar ta ga wannan saurin.

Hajiya Binta: Abu ɗaya ya rage a kan kwalbar kanta. Bitamin D ba ya cikin jerin haramtattun abubuwa na WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, amma ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa shi ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗakin gwajin Kolon a Jamus ya taɓa auna kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe daban-daban, kusan kashi 15 suna ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da ba a rubuta a jiki ba. Don haka ƙungiya ce za ta saya, daga kayan da aka gwada rukuni-rukuni kamar masu tambarin Informed Sport, ko kuma wanda aka yi wa rajista a matsayin magani. A rubuta lambar rukunin a ajiye. Ɗigon ruwa ya fi ƙwaya haɗarin kuskure, domin wata kwalbar ɗigo ɗaya IU 400 ne, wata 1000, wata ma fiye.

Kabiru: To ɗan wasan da ke jinya yanzu, an tabbatar da yagewar a hoto, a fara masa nan take ko a jira?

Dakta Hadiza: A duba awonsa na ƙarshe tukuna. In na cikin wata uku ne kuma ya haura 75, ba abin da za a ƙara, a ci gaba da abin da yake sha. In babu awo, ko ya tsufa, a bar kwanakin farko na kumburi su wuce sannan a ɗebi jini tare da kalsiyam. Kafin sakamako ya fito ba laifi a fara IU 1000 zuwa 2000, musamman a hunturu, ko ga wanda zai daɗe a cikin gini. Zama kusa da taga ba ya ƙirguwa, gilashi na tare UVB. In a bazara ne, a fitar da wani ɓangaren atisayen jinyar waje da hantsi ko tsakar rana, hannu da ƙafa a buɗe, na ɗan lokacin da fata ba za ta ƙone ba. Alamar cewa ranar na aiki ita ce inuwar mutum ta fi shi gajarta. In sakamako ya zo ƙasa da 50, a bi tsarin da Hajiya ta kawo, a sa ranar sake awo a kalanda tun yanzu. Ranar komawa fili kuwa ba lambar jini ke yanke ta ba. Sai ciwo ya tafi idan aka danna wurin, ƙarfin riƙewa a miƙe ya kusa daidai da na ɗaya ƙafar, kuma ya yi tsere iya ƙarfinsa a zama fiye da ɗaya ba tare da ya ji tsokar ta ja shi ba.